Wa Ya Kashe Direban Janar Sternwood?

A cikin littafin The Big Sleep na Raymond Chandler, wanda ya fito a 1939, akwai wani saurayi mai suna Owen Taylor, direban gidan Janar Sternwood, wani tsohon janar mai dukiya a Los Angeles. Wata safiya aka ciro motar gidan daga cikin teku, gawarsa na ciki, da shatin duka a gefen kansa. 'Yan sanda suka tsaya a bakin ruwa suna gardama, wannan ya ce kashe kansa ya yi, wancan ya ce kashe shi aka yi. Labari ya ci gaba, wasu rigingimun suka taso, har aka kai shafin ƙarshe babu wanda ya warware maganar. Da aka zo mayar da littafin fim, wanda ya fito a 1946, sai darakta Howard Hawks da mutanensa suka buga wa Chandler wayar tangaraho suna tambayar wanda ya kashe direban. Chandler ya amsa musu cewa shi ma bai sani ba.

Masoyansa sukan ba da wannan labari cikin raha, wai alama ce ta cewa babban marubuci ya fi ƙarfin ƙananan abubuwa. Ni kuwa ba ya ba ni dariya. Yaron nan yana son ƙaramar 'yar janar ɗin, son da ya jefa shi cikin halaka, amma wanda ya ƙirƙire shi ya kashe shi sannan ya manta da shi. Tun da na san wannan labari, da shi nake auna duk marubucin littafin binciken kisan kai da ya shigo hannuna. Tambayata gare shi ɗaya ce: ka san mamacin nan naka kuwa, ko dai gawa kawai kake buƙata don labarinka ya tashi?

Akwai abokina da muke musayar littattafai, mutumin Chandler ne na gidi. Duk lokacin da na ɗauko wannan magana sai ya ce, "Haba Malam, kai lissafi kake nema a littafi, mu kuwa rubutu muke nema." Ban musa masa rubutun ba. Chandler ya iya jimla. Ya yi karatu a Ingila, ya yi aiki a kamfanin mai har aka sallame shi a 1932, ya shiga rubutu yana da shekara arba'in da 'yan kai, kuma idan ya siffanta titi cikin dare ko falon mai kuɗi, sai ka ji kamar kana tsaye a wurin. Littafinsa The Long Goodbye na 1953 yana cikin mafi kyawun abin da na karanta a kan abota da cin amana. Amma ramin da ke cikin The Big Sleep yana da dalili. Tsofaffin gajerun labaransa da ya sayar wa mujallar Black Mask ya farke ya ɗinke su wuri guda, a wajen ɗinkin ne direban ya faɗi ƙasa ba a tsince shi ba. Abin da ya fi min zafi shi ne, wannan Chandler ɗin ne ya rubuta maƙala a 1944 yana caccakar marubutan Ingila, yana cewa suna kashe mutane ne kawai don a samu gawa, ya kuma yabi Dashiell Hammett a kan ya mayar da kisa hannun mutanen da ke aikata shi don wani dalili na gaske. Yabon ya dace, domin Hammett ya yi aiki da kamfanin bincike na Pinkerton, ya san yadda masu laifi suke magana. Amma sukar ta fi dacewa da mai yin ta fiye da wasu daga cikin waɗanda ya soka.

Kafin in zo kansu, dole in tsaya a wurin Arthur Conan Doyle, domin yawancinmu ta ƙofarsa muka shigo. Littattafai 4 da gajerun labarai 56 ya rubuta a kan mai bincikensa Sherlock Holmes, farawa daga 1887. Shi likita ne, kuma ya ɗauko dabarar Holmes ta karanta mutum daga tufafinsa da hannuwansa a wurin malaminsa Joseph Bell na Edinburgh. Ina son labaran nan, sai dai saboda Watson, abokin Holmes, nake son su, saboda amincinsa da yadda yake tausaya wa duk wanda ya hau matakalar gidan nan na Baker Street da damuwa a fuska. Ta fuskar yi wa mai karatu adalci kuwa, Doyle yana da ha'inci. Holmes zai durƙusa ya tsinci wani abu ya sa a aljihu, ba za ka san mene ne ba sai an gama komai. A labarin The Speckled Band na 1892 an kawo maciji mai shan madara, mai amsa kiran fito, alhali maciji ba ya shan madara, ba shi da kunnen jin fito, irin wanda aka ambata ma babu shi a duniya. Duk da haka na yafe masa, domin budurwar da ta zo da sassafe tana makyarkyata, tana ba da labarin yadda 'yar uwarta ta tagwaye ta mutu a hannunta, tsoronta na gaske ne, kuma mamaciyar tana nan a cikin kowace kalma tata. Doyle ya ma nuna halinsa a rayuwa ta zahiri: shekaru ya yi yana fafutukar wanke Oscar Slater, wanda aka ɗaure a 1909 kan kisan wata tsohuwa a Glasgow, har aka sake shi a 1927.

Bayan yaƙin duniya na farko sai marubutan Ingila suka mayar da abin wasan ƙwaƙwalwa mai dokoki. Wani limamin coci, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma a 1929: dole mai kisan ya bayyana tun farkon labari, ba a yarda da aljanu ko tsafi ba, ba a yarda da gubar da kimiyya ba ta sani ba, ƙofar sirri kada ta wuce ɗaya, tagwaye ba sa fitowa sai an shirya mai karatu, duk alamar da mai bincike ya gani dole a nuna mana ita. Ina girmama dokokin nan, kuma nakan karanta irin waɗannan littattafai da fensir a hannu, in na gama in koma baya in duba ko an nuna min abin da aka ce an nuna. Gwanin wannan fage shi ne John Dickson Carr, sarkin labarin ɗakin da aka kulle ta ciki aka tarar da gawa, salon da Edgar Allan Poe ya buɗe tun 1841. A littafinsa The Hollow Man na 1935 har babi guda ya ware, mai bincikensa ya zauna yana jero hanyoyin da ake shirya irin wannan kisa. Na yaba da basirar, amma da na rufe littafin ban ƙara tuna mamacin ba, makulli da taga kawai nake tunawa. Shi ya sa Carr bai taɓa zama nawa ba.

Agatha Christie kuwa tawa ce, kuma a kanta muka fi yin musu da abokina.

Zargin da ake yi mata sananne ne: mutanenta ba su da jini a jika, ƙauyukanta na ƙarya ne, kisa a wurinta kamar wasan dara. Akwai abin da zan ƙara ma a kan zargin. Yadda take siffanta baƙi da Yahudawa da masu aikin gida a littattafanta na farko yana da muni, sunan asali na littafinta na 1939 zagi ne ga baƙar fata har sai da aka canza shi zuwa And Then There Were None, kuma littattafan da ta rubuta a ƙarshen rayuwarta sun yi rauni ƙwarai. Wanda ya rubuta littafin bincike 66 ba zai rasa na banza a ciki ba. Amma matar nan ta san mutuwa da idonta. A lokacin yaƙin duniya na farko ta yi jinyar sojojin da suka ji rauni a garinsu Torquay, daga baya ta koma ɗakin haɗa magunguna, a can ta koyi guba: wacce ke da ɗaci, wacce ke narkewa, wacce ke ɗaukar sa'o'i kafin ta kama jiki. Ba kasafai take ƙirƙiro gubar ƙarya ba, kuma ba ta ɓoye wahalar wanda ya sha. Yadda ta siffanta gubar taliyom a The Pale Horse na 1961, da zubewar gashi da sauran alamominta, ya yi daidai har ya ceci rai. A 1977, bayan rasuwarta da shekara guda, aka kawo wata jaririya daga Katar wani asibiti a Landan, likitoci suka rasa gane ciwonta, sai wata ma'aikaciyar jinya da ke karanta littafin ta ce a duba wannan gubar. Aka duba, ita ce, yarinya ta rayu.

Wanda ke son ya san ko Christie ta damu da matattunta, ya bar shahararrun nan da kowa ke ambata, ya nemi Five Little Pigs na 1942. Wata budurwa ta zo wurin mai bincike Hercule Poirot da maganar da ta shekara 16 a binne. An sa wa mahaifinta, wani mai zane, guba. An kama mahaifiyarta da laifin, ta mutu a kurkuku, ta bar wa 'yarta wasiƙa tana cewa ba ita ta yi ba. Babu gawa, babu sawun ƙafa, babu abin da za a kai ɗakin gwaji. Mutum biyar ne kawai suka rage daga waɗanda ke gidan a ranar, sai Poirot ya roƙi kowannensu ya rubuta abin da ya tuna. Kana karanta rana ɗaya sau biyar, kowa da abin da so ko ƙiyayya ko kishi ya bar shi ya gani. Ɗaya na ganin matar muguwa ce, ɗaya na ganin waliyyiya ce. Maganar da wani ya ji ta taga ya fassara ta da barazana, in ka ɗora ta kusa da shaidar wani sai ta zama abu daban. A hankali mutum biyun da suka mutu suna tashi a gabanka, miji mai son kansa wanda zanensa ya fi masa kowa, da mace mai zafin rai wadda ke ɗauke da nadamar wani abu da ta aikata tun tana yarinya. Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba. Abin da zan faɗa shi ne Poirot ba shi da hujjar da kotu za ta karɓa, mai laifin ya fita ƙofa da ƙafarsa, amma ka riga ka ga yadda shekarun nan 16 suka cinye shi daga ciki. Alhaki kwikwiyo ne, in ji masu iya magana, kuma ban san littafin da ya nuna hakan ba tare da wa'azi ba kamar wannan. Duk alamomin suna nan a fili, fensirina bai kama ta da ha'inci ko ɗaya ba. Ta cika alƙawarin mai karatu, ta kuma cika na mamatan, a littafi guda.

Akwai wani abu da yawancin marubutan wancan zamani suke tsallakewa. A Birtaniya ana rataye mai kisan kai har zuwa 1964, sai a 1965 majalisa ta dakatar da hukuncin. Ke nan duk lokacin da mai bincike ya tara mutane a falo ya nuna ɗaya da yatsa, igiya ya miƙa shi gare ta. Yawanci a nan ake rufe littafi, kowa ya watse cikin farin ciki. Dorothy L. Sayers ba ta yarda ta rufe a nan ba. Ina da ƙorafi a kanta: ta so jaruminta Lord Peter Wimsey fiye da kima, tana cika shafi da Faransanci da Latin ba fassara, kuma girman kan masu sarauta yana yawo a rubutunta. Amma a ƙarshen Busman's Honeymoon na 1937 ta bi Wimsey har bayan shari'a. Shi ya nemo wa mutumin da ya kama babban lauya, ya je kurkuku neman yafiyarsa bai samu ba, ya kwana bai runtsa ba yana jiran ƙarfe takwas na safe, lokacin da za a rataye shi, daga ƙarshe ya fashe da kuka a jikin matarsa. Tsohon soja ne da yaƙi ya bar wa tabo a zuciya, ya san nauyin aika mutum lahira. Saboda shafukan nan kaɗai na ɗaga mata ƙafa a kan sauran.

Idan aka ce in zaɓi mutum ɗaya in bar kowa, Georges Simenon zan ɗauka. Ɗan Beljiyam ne daga birnin Liège, da Faransanci yake rubutu, ya fitar da littafi 75 a kan Maigret, babban jami'in 'yan sandan ciki na birnin Faris, daga 1931 zuwa 1972. Yadda yake aiki ma abin lura ne. Kafin ya fara, zai ɗauki ambulan ya rubuta sunayen mutanensa a bayanta, da shekarunsu, da danginsu, da inda suke zaune, abubuwan da yawancinsu ba za su shiga littafin ba. Sannan ya kulle kansa yana rubuta babi guda kowace rana, cikin kwana goma sha ɗaya ko ƙasa da haka ya gama. Saurin yana nunawa a wasu wurare, littattafan sukan yi kama da juna, kuma yadda yake kallon mata ba koyaushe yake min daɗi ba. Amma mutumin da ya san adireshin kowa kafin ya rubuta jimlar farko ba zai manta da direba a cikin teku ba.

Maigret ba ya da gilashin duba sawu, ba ya taƙama da ƙwaƙwalwa. Ya fara karatun likita ya bari bayan rasuwar mahaifinsa, kuma har ya tsufa kamar likita yake tunkarar laifi. Zai shiga gidan da abin ya faru da lofensa a baki, ya zauna a kujerar mamacin, ya leƙa ta tagarsa, ya yi hira da mai gadin ƙofa, ya koma gobe ya sake zama, har sai ya ji yadda rayuwa take a cikin ɗakin nan. Taken Simenon shi ne a fahimta kada a yanke hukunci. Littafin da na fi so a cikinsu shi ne Maigret et la jeune morte na 1954. An tsinci gawar wata yarinya cikin dare a wani ɗan fili a unguwar Montmartre, sanye da rigar biki ta haya, ba jaka, ba takarda, ba wanda ya zo nemanta. Kusan littafin gaba ɗaya neman sanin ko wace ce ita ne: shagon da ta karɓi rigar, ɗakin da take haya tana kasa biya, uwarta da caca ta ɗauke wa hankali a kudancin Faransa, ƙawar da ta yi sa'a ta bar ta a baya. Akwai wani sufeto, Lognon, mai ƙwazo da naci, wanda ke gaban Maigret a kowane mataki, amma da aka shirya masa labarin ƙarya sai ya bi shi. Maigret bai bi ba, domin zuwa lokacin ya san yarinyar har ya san abin da za ta iya yi da wanda ba za ta taɓa yi ba. Sanin mamaciyar ne ya kama mai kisan. Na karanta littattafan bincike masu yawa da suka fi wannan sarƙaƙiya, amma babu wanda mamaciyarsa ta zauna min a rai kamar wannan yarinya da babu wanda ya kula da ita sai bayan ta mutu.

Da na ba abokina littafin, ya dawo da shi ya ce, "Malam, ai babu abin da ya faru a ciki." Na ce masa an gano sunan yarinya da ba ta da kowa, wannan kuma abu ne.

Na ƙarshe da zan ambata daga Japan yake, Seicho Matsumoto, da littafinsa na 1958 da aka fassara zuwa Ingilishi da sunan Points and Lines. An tarar da gawar mace da namiji kwance gefe da gefe a bakin teku a Kashii, kusa da Fukuoka, sun sha guba. Shi ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati da ake bincike a kanta kan cin hanci, ita kuma tana aiki a wani gidan cin abinci a Tokyo. Kowa ya ce masoya ne suka kashe kansu, a rufe fayil. Littafin ya yi suna ne saboda jadawalin jiragen ƙasa, musamman wasu mintuna huɗu kacal a tashar Tokyo da mutum zai iya hango wani dandamali daga wani ba tare da jirgi ya tare shi ba, kuma lissafin yana da daɗin bi. Amma abin da ya hana a rufe fayil ɗin ƙaramin abu ne. Wani tsohon ɗan sanda mai suna Torigai, mai tsohuwar kwat, ya ga rasit a aljihun mamacin na taragon cin abinci, an rubuta mutum ɗaya. Ya koma gida abin na damunsa, har ya tambayi 'yarsa da ke shirin aure ko mace za ta bar wanda take so ya tafi cin abinci shi kaɗai a irin wannan tafiya, ko da ita ba ta jin yunwa. Amsar da ta ba shi ce ta sa ya koma bakin tekun ya fara auna tafiyar da ƙafarsa. Matsumoto bai yi mana alƙawarin cewa adalci zai kai ko'ina ba: an gano yadda aka shirya kisan da wanda ya shirya shi, amma manyan ma'aikatar da mutuwar ƙaramin ma'aikacin ta rufa wa asiri babu abin da ya same su.